Abubuwan da Ya Kamata Ka Sani Game da Zaɓen Mai Duba Rubutu

Rubutun da aka yi don a koya wa mutum yadda zai aikata wani abu ya sha bamban da rubutun nishaɗi. Wanda ya ci karo da kuskure a littafin hira, iyakarsa ya yi tsaki ya wuce. Amma wanda ya karanta littafin tsarki da salla, ko takardar bayanin zuba taki, ko jagorar dabarun wani wasa, tashi zai yi ya aikata abin da ya karanta, kuma in akwai kuskure a kansa zai ƙare. Shi ya sa duk al'ummar da mutanenta ke rubuta wa junansu irin wannan abu take fuskantar tambaya mai rassa biyu: wa zai duba rubutun kafin ya shiga hannun jama'a, wa kuma zai zaɓi mai dubawar? Zariya wuri ne da ya dace a yi nazarin wannan, domin a cikin ganuwarta da bayan ƙofofinta an gwada hanyoyi daban-daban, kuma har yau ana ganin sawun kowacce.

## Me ake nufi da duba rubutu

Ayyuka uku ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Na farko shi ne duba gaskiyar abin da aka faɗa: shin hukuncin da aka kawo haka yake, adadin da aka rubuta daidai ne, dabarar da aka bayyana tana aiki? Na biyu shi ne duba harshe da ƙa'idar rubutu. Na uku shi ne duba ko wanda aka yi rubutun dominsa zai iya bin sa daga farko har ƙarshe ba tare da ya ɓace a hanya ba. Da wuya a sami mutum guda da ya ƙware a duka ukun. Edita, wato mai gyara rubutu da shirya shi kafin a buga, yakan fi ƙarfi a na biyu da na uku, masanin fanni kuma a na farko.

Akwai wani aiki na huɗu da ake yawan rikita shi da waɗannan, wato tacewa. Mai tacewa yana tambayar ko ya halatta jama'a su ga wannan rubutu. Mai dubawa yana tambayar ko rubutun daidai ne. Littafi na iya tsallake tacewa alhali cike yake da kurakurai, haka kuma ana iya hana littafin da babu ko ɗigon kuskure a cikinsa.

## Dalilin da ya sa marubuci ba ya isar wa kansa

Idon marubuci yakan karanta abin da zuciyarsa ta yi niyyar rubutawa, ko da hannunsa ya rubuta wani abu dabam. Masu kwafin littattafai sun daɗe da sanin wani kuskure da ke kama har ƙwararru: idan layi biyu suka ƙare da kalma iri ɗaya, ido sai ya yi tsalle daga na farko zuwa na biyu, a bar abin da ke tsakaninsu. Mai kwafin zai iya bitar shafin sau uku bai gani ba.

Gwanin sana'a yana da nasa ciwon. Saboda abin ya zama jikinsa, yakan tsallake matakin da yake ganin kowa ya sani, alhali a nan ne sabon shiga zai tsaya. Sannan akwai kunya da girmama na gaba, waɗanda kyawawan halaye ne amma suna sa gyara ya yi nauyi. Ɗalibi zai ga kuskure a rubutun malaminsa ya yi shiru. Aboki zai ga rauni a aikin abokinsa ya ce masa madalla. Saboda haka bai isa a ce wani ya duba ba. Sai an san wane ne, mene ne saninsa, kuma mene ne tsakaninsa da marubucin.

## Yadda ake yi a cikin ganuwa

Birnin Zazzau ya yi suna da karatun zaure tun kafin zuwan Turawa, musamman a nahawu da lugga, har almajirai kan taso daga garuruwa masu nisa su zauna shekaru a unguwanni irin su Kona da Juma. Matsayin malamai a garin ya kai ga cewa cikin mutum biyar masu zaɓen Sarkin Zazzau, biyu limamai ne, Limamin Juma'a da Limamin Kona. Littattafan da ake karantawa a waɗannan zauruka, kamar Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala da Askari, littattafan koyar da aiki ne: yadda ake alwala, abin da ke ɓata salla, yadda ake rabon gado. Kafin injin buga littattafai ya wadata, kowane ɗalibi da hannunsa yake kwafe nasa, ko ya biya mai kyan hannu ya kwafe masa. Ke nan jama'a ce ke samar da littattafanta, kowane kwafi kuwa ƙofa ce da kuskure zai iya shigowa.

Maganin da aka yi wa wannan shi ne muƙabala, wato gwada sabon kwafi da wanda aka amince da shi. Ɗaya yana karantawa, ɗaya yana bi da ido. In an tarar an bar kalma, sai a rubuta ta a gefen shafi, a sa alamar da ke nuna an inganta wurin. Da yake ba a ɗinke takardun, akan rubuta kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gabata, don kada su cakuɗe a cikin tadarishi. Amma babbar dubawa tana faruwa ne a gaban malami. Ɗalibi yana jan baƙi daga kwafinsa, malam yana fassarawa, kuma da yake malam ya karanci littafin a wurin nasa malamin, ya kuma karantar da shi shekara da shekaru, kunnensa zai kama duk inda aka karkace.

A nan ne ake ganin yadda aka warware batun zaɓe. Babu wani ofishi da ke naɗa mai dubawa. Abin da ke ba mutum wannan matsayi shi ne ijaza, wato izinin da malami ke bai wa ɗalibinsa na ya karantar da wani littafi, tare da salsalar waɗanda aka karɓo shi daga gare su. Abin lura shi ne izinin yakan ta'allaƙa da littafi ko fanni. Wanda ya ƙware a nahawu ba lalle ne a kai masa matsalar gado ba, kuma mutanen gari sun san ƙofar da ake bugawa don kowane fanni. Ɗalibai ma suna da hannu a zaɓen, domin zauren da suka ga ana gyara musu da hujja shi suke cikawa.

Tsarin masu karatun Alƙur'ani ya fi wannan tsanani. Alaramman da ya rubuta Alƙur'ani da ka, izu sittin a ruwayar Warshu, baƙi da baƙar tawada, wasali da ja, hamza da rawaya, ba ya ɗaukar aikinsa kai tsaye zuwa ga mai saye. Sai 'yan'uwansa mahaddata sun bi shi harafi bayan harafi. Suna da wani ilimi da ake kira harji, na sanin sau nawa kalma ta zo da wata siga da kuma wuraren da ta zo, wanda da shi ake kama kuskure a ayoyi masu kama da juna. Tun a matakin allo ake sabawa da wannan, a zaman darasu, inda ake karanta abin da mutum ya rubuta a gaban jama'a a gyara masa. Haka nan mutum ba ya kiran kansa gwani. Gwanaye ne ke shaidarsa bayan sun gwada shi sun gamsu. Hikimar da ke cikin wannan ita ce an mai da gyara abin yau da kullum, ana yin sa a fili, har kunyar da ke hana faɗin kuskure ta ragu.

Wannan hanya tana da nata rauni, kuma adalci ne a faɗe shi. Tana tafiya a hankali. Tana fifita wanda ya fito daga gidan malamai ko ya sami shiga wurin babban malami. Kuma ta fi ƙarfi wajen tsare abin da aka gada a kan auna sabon abu, domin ma'auninta shi ne dacewa da asali, sabon rubutu kuwa ba shi da asalin da za a gwada shi da shi.

## Lokacin da hukuma ta naɗa mai dubawa

Da boko ya zo, sai aka sami wata hanyar. An kafa Hukumar Fassara a 1929, aka dawo da ita Zariya a farkon shekarun 1930, daga baya ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin wani jami'in ilimi ɗan Ingila, Dokta Rupert East. A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Daga abin da aka aiko aka buga biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa.

Wannan jeri yana koyar da abu biyu. Na farko, mai dubawa guda ɗaya mai himma yana iya yin aikin da zai daɗe. East ya sa hannu sosai wajen gyaran waɗannan littattafai, ya kuma tsaya a kan daidaita rubutun Hausa a lokacin da ake ta kai-kawo a kan yadda za a rubuta ɓ da ɗ da ƙ. Shi ne ya jawo Imam daga koyarwa a Katsina zuwa Zariya a 1936 don rubuta Magana Jari Ce, kuma da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, Imam ne editanta na Hausa. Ta haka wanda aka duba wa rubutu jiya ya zama mai duba na wasu, kuma wannan ita ce hanya mafi inganci ta samar da masu dubawa a ko'ina.

Na biyu, akwai abin tsoro idan iko ya taru a hannu ɗaya. Mutumin da ya nemi a yi rubutun shi ne ya auna shi, shi ne ya gyara, shi ne ya buga, sunansa kuma yana bangon ɗaya daga cikin littattafan. Wannan bai rage darajar Jiki Magayi ba, amma a tsarin yau ba a yarda alƙali ya zama yana da kaya a cikin abin da yake hukunci a kai. Sannan abin da East yake so da abin da ba ya so sun zama ma'aunin rubutun zube na Hausa na tsawon lokaci, alhali gwamnatin mulkin mallaka ce ta zaɓe shi, masu karatu ba su da ta cewa.

Tsarin naɗi ya ci gaba da faɗaɗa. An kafa Kamfanin Gaskiya a 1945 a Tukur-Tukur, daga nan hukumar NORLA mai samar da littattafai ga Jihar Arewa ta yi aiki a shekarun 1950 har zuwa 1959. A zamaninta ne aka yi Yaƙi da Jahilci, aka buga ƙananan littattafai masu yawa na koyar da karatu da kiwon lafiya da sana'a, da jaridun larduna irin su Bazazzaga ta Zariya da Himma ta Katsina da Sodangi ta Kano. A 1955 aka kafa Hukumar Harshen Hausa don ta kula da ƙa'idojin rubutu da sababbin kalmomi, a 1966 kuma kamfanin buga littattafai na NNPC ya karɓi aikin wallafa. Duk wanda ya buɗe littattafan wannan zamani zai ga tsabtar harshe da ƙarancin kuskure. Kuɗin da aka biya kuwa shi ne ƙuncin ƙofa: marubuta kaɗan ne ke samun shiga, rubutu kuma yakan daɗe yana jiran layi.

## Lokacin da aka rasa mai dubawa

Daga tsakiyar shekarun 1980, da tattalin arziki ya tsananta kamfanonin wallafa suka ja baya, sai matasa, mata da maza, suka fara buga littattafansu da kuɗinsu, musamman a Kano. Ƙofa ta buɗe, masu karatu suka ƙaru ƙwarai, aka ji muryoyin da da ba a ji. Sai dai da yawa daga littattafan sun fito ba wanda ya duba su in ban da marubucin da mai buga masa a na'ura. Ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama sun yi ƙoƙarin taimakon junansu. Da hukuma ta shigo, ta ƙofar tacewa ta shigo: an kafa hukumar tace finafinai ta Jihar Kano a 2001, daga baya kuma takaddama ta yi zafi tsakaninta da marubuta. Wannan ya taɓa batun tarbiyya, amma bai ba marubuci edita ba.

## Hanyar jami'a

A Samaru, inda aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ana bin hanyar da jami'o'in duniya ke bi. Editan mujallar ilimi yana aika maƙala ga masana biyu ko fiye a fannin, sau da yawa bayan an cire sunan marubucin, shi ma marubucin ba a gaya masa waɗanda suka duba. Kundin digiri kuma sai an gayyato mai jarrabawa daga wata jami'a. Manufar ɓoye suna da ɗauko baƙo ita ce a kawar da kunya da sanayya da gaba. Zaure ya magance wannan ta hanyar yin gyara a bainar jama'a, jami'a ta magance shi ta hanyar sakaya fuska.

Misalin da ya fi kusa da littafin jagora yana wajen aikin gona. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru tana fitar da irin shuka, kamar masarar da ake wa laƙabi da SAMMAZ da waken SAMPEA, cibiyar NAERLS kuma tana shirya bayanai don malaman gona da manoma. Takardar da za ta gaya wa manomi tazarar shuka da lokacin zuba taki tana bukatar idon mai bincike don adadi ya zama daidai. Tana kuma bukatar idon wanda ya san gona da bakin manoma, domin in an ba da awo da ma'aunin da manomi ba ya amfani da shi, bayanin daidai ne amma ba zai aikatu ba. Mai dubawa na biyun nan shi aka fi mantawa da shi.

## Jagorar wasanni da sharuɗɗan zaɓe

Tambayar nan ta iso har ga matasan da ke cika shagunan wasan bidiyo a Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru. A duniyar waɗannan wasanni, 'yan wasa ne da kansu ke rubuta wa junansu jagorar dabaru: yadda ake tsallake mataki mai wuya, yadda ake jera 'yan ƙwallo, wane makami ya fi a wane wuri. Ba hukuma, ba ijaza, marubutan kuma ba su san juna ba. Duk inda ake tara irin wannan rubutu dole a ware wasu su riƙa dubawa, kuma sharuɗɗan da za a bi ba su da nisa da abin da aka gani a sama.

Sharaɗin farko shi ne mai dubawa ya kasance ya yi abin da hannunsa. Ɗauki dara, mai gurbi 30 da 'ya'ya 12 ga kowane ɗan wasa, inda ake neman jera uku don a ci ɗan abokin karawa. Idan wani ya rubuta dabarun dara, malamin Hausa zai gyara masa jimla, amma sai tsohon ɗan dara ne zai gane cewa dabarar da aka yaba tana buɗe wa abokin karawa hanya. A wasan bidiyo akwai ƙarin wahala, domin wasan kansa yana canzawa. Wasan ƙwallon da aka sani da FIFA, wanda ya koma EA Sports FC a 2023, duk shekara sabo ake fitarwa, har a tsakiyar shekara ma kamfanin kan yi masa gyare-gyare. Dabarar da ta yi aiki bara tana iya zama tarko bana. Saboda haka gwanintar da ta wuce ba ta wadatar, sai wanda har yanzu hannunsa na kan wasan.

Sharaɗi na biyu shi ne a ga aikinsa kafin a ba shi na wasu. Wanda ya rubuta jagora mai kyau, aka gyara masa ya karɓi gyara ba tare da fushi ba, ya fi cancanta a kan wanda ya fi kowa cin wasa amma bai taɓa bayyana wa wani yadda yake yi ba. Iya abu daban, iya ganin inda mai koyo zai yi tuntuɓe daban. Yawan magoya baya ma ba hujja ba ne. In aka bar zaɓe ga ƙuri'a kawai, mai farin jini ne zai ci, mai haƙurin bin layi bayan layi kuwa sau da yawa ba a san shi ba.

Na uku shi ne a raba shi da abin da yake da rabo a ciki. Kada ya duba rubutunsa, ko na amininsa, ko na wanda suke takarar rubutu a kan wasa ɗaya. Inda jama'ar ba su da yawa har kowa ya san kowa, abin da ya fi sauƙi shi ne mutum biyu su duba kowane rubutu, kuma duk wanda ya ƙi amincewa ya rubuta dalilinsa yadda marubucin zai iya gyarawa ko ya kare kansa.

## Abin da ke biyo bayan zaɓe

Idan aka zaɓi masu sassauci, kuskure zai yaɗu, kuma rubutaccen kuskure yana da wuyar kashewa domin wasu za su kwafe shi su kafa hujja da shi. Idan aka zaɓi masu tsanani marasa bayani, sababbin marubuta za su karaya su daina kawowa, a wayi gari mutum biyar ne ke rubutu su ne kuma ke duba junansu. Wannan na biyun ya fi ɓoyuwa, don daga waje komai tsaf yake.

Akwai kuma gajiya. Duba rubutu aiki ne mai cin lokaci wanda ba a cika gode wa mai yin sa ba, domin sunan marubuci ne ke fita. Malamin zaure yana samun girma da addu'ar ɗalibai, editan Gaskiya a zamaninsa yana da albashi, malamin jami'a yana sa ran ƙarin matsayi. Mai duba jagorar wasa ko littafin ƙungiyar marubuta sau da yawa ba shi da ko ɗaya. Shi ya sa ya kamata a ƙayyade wa'adin aikin, a riƙa shigo da sababbi suna koyo a gefen tsofaffi, a kuma rubuta a jikin kowace jagora wanda ya duba ta, da ranar da ya duba, da fitowar wasan ko bugun littafin da ya gwada ta da shi, don in abu ya canza a san waɗanda ke bukatar a sake bi.